Evaristo Olvera, Wanda Ya Ƙi Sa wa Ɗansa Hannu

Jirgin fito na ƙarfe bakwai saura kwata ba ya barin gaɓar ƙetare sai Don Evaristo Olvera ya shiga (Don laƙabin girmama dattijo ne a wurinmu). A benci na ƙarshe yake zama, kusa da inji, inda hayaƙi da ƙara suke korar kowa, jakar fata a kan cinyarsa, har a tsallake kogi. In ya sauka a Tampico sai ya taka da ƙafa, yana ɗan jan gwiwar hagu, zuwa ginin ƙungiyar ma'aikatan waya. Ba ya bi ta ƙofar gaba, inda ake shan kofi ana tsine wa 'yan ƙwallon gari. Ta baya yake zagawa ya buɗe ɗakin jarrabawa: tebur huɗu, fanka ɗaya mai kukan tsohuwar akuya, sai falwaya guda da aka kafa a tsakar gida don gwada masu hawa. Shi yake share ƙasa da kansa. Sannan ya ɗauko guntun kebur mai kaurin dantse, ya feɗe bakinsa da wuƙa, siraran wayoyi hamsin su bazu a tafin hannunsa kamar gashin masara, biyu-biyu a murɗe, launi goma. Ya jera su a kan kowane tebur, ya ajiye filaya a gefe, ya zauna jiran masu nema.

Shekara goma sha bakwai ya yi yana hawan falwaya kafin gwiwa ta sauke shi, ya ƙara ashirin da ɗaya a wannan ɗaki. A farkon watan nan ya yi ritaya. An ba shi agogon bango da takardar yabo, an yi tafi iya gwargwado, kowa ya koma harkarsa. Bai isa ba, shi ya sa ake wannan rubutu.

Sau biyu a shekara ƙungiya ke buɗe ƙofa ga masu neman koyon aiki. Ranar karɓar fom, layi kan tashi daga bakin ofis har ya kai kwanar kasuwar kifi, kowa rungume da ambulan: takardar haihuwa, ta makaranta, ta likita, da hoto huɗu. Gurbi goma sha biyu ne, masu nema kan haura ɗari uku. Wanda ya shiga, shekara uku zai yi yana koyo, daga nan sai katin ƙungiya, asibiti shi da iyalinsa, da fansho in ya tsufa. A garin da mafi yawanmu aikin yau ne kawai muke da tabbacinsa, wannan kati ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma takardar gado. Duk ɗan ƙungiyar da ya cika shekara ashirin yana da ikon miƙa sunan mutum ɗaya na jininsa, sau ɗaya tak a rayuwarsa. Mai takardar gado ba ya bin layi, gurbinsa a ajiye yake, jarrabawa kawai zai ci. Masu jarrabawa na da kuwa sun mai da ita gaisuwa: su dubi suna, su tambayi lafiyar uban, su sa hannu. Kada a ɗauke su miyagu. Da yajin aiki iyayenmu suka ƙwato wannan haƙƙi. Mutumin da rana ta gasa shi shekara talatin a saman falwaya, ba gona, ba shago, me zai bar wa ɗansa in ba wannan ba?

A watansa na farko a ɗakin nan Evaristo ya kayar da mai takardar gado. Sakataren ƙungiya, Fidencio, ya shigo yana dariya, don ya zaci kuskuren alƙalami ne. Amininsa ne tun suna 'yan koyo, shi ne ma ya riƙe ɗan Evaristo a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadire.

"Kompadire, gyara nan. Hannunka ya zame."

"Bai zame ba. Sau uku na ce masa baƙi da ruwan goro, sau uku yana kallon fanka."

"To ba zai koya ba? Mu da muka shigo, me muka sani ban da cin wake?"

"Ya zo ranar Asabar in koya masa. Amma yau bai ci ba."

Dalilinsa bai taɓa canzawa ba, kuma duk wanda ya taɓa shiga rami ya san shi. Aikinmu na mutum biyu ne da ba sa ganin juna. Ɗaya yana ƙarƙashin titi, ruwa iya ƙwauri, ɗaya yana can akwatin unguwa, tazarar kilomita guda. Wannan ya ce ta waya, "Ja da kore," wancan ya yanke ja da kore. Babu na uku da zai duba. In ya yanke wata, layin wani gida ya mutu, ko na ɗakin haihuwa, ko kuma wayar da ke ɗauke da wuta ta tashi a hannun abokin aikinsa. Evaristo kan ce wa masu nema, "Ba ni nake jarraba ku ba. Wanda zai tsaya a ɗaya bakin ne, shi kuma bai samu zuwa ba, ya aiko ni."

Daga nan sunan Waliyyi ya bi shi, ba kuma don yabo ba. In ya shiga wurin cin abinci sai ka ji wani ya ɗaga murya: "Ku ɓoye kwalba, ga Waliyyi nan!" Wani ya ce, "Don Evaristo, gishirin miyar nan ya ci jarrabawa, ko a mai da shi?" Da farko yakan yi murmushi ya zauna. Da iyayen da ya kayar wa 'ya'ya suka yi yawa, sai ya lura in ya ja kujera hira na mutuwa. Ya daina zuwa. Shekaru da dama a gindin falwayar tsakar gida yake cin tortiyarsa, gurasar masarar nan, da wake, shi kaɗai, yana karanta jaridar jiya.

Amma ranar Asabar ɗakin a buɗe yake, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Duk wanda ya faɗi yana iya zuwa. Griselda Anaya, wadda yau take da tawagar mutum takwas a ƙarƙashinta, a nan ta koya. A lokacin ɓare kaguwa take yi a wani kamfanin kifi, ba ta da kowa a ƙungiya. Zuwanta na farko aka mai da ita daga bakin taga, wai hotonta bai kai girman da ake so ba. Na biyu ta faɗi a hawa. Tana fita da ambulan ɗinta a hammata ya kira ta.

"Ke, 'yar kaguwa. Kawo hannunki in gani."

"Suna ƙarni, Don Evaristo."

"Ban ce zan ci ba."

Ya miƙa mata kebur da wuƙa. Kafin ya gama gyara tabarau ta feɗe ta ware, ko waya ɗaya ba ta ji wa ciwo ba.

"Hannun nan ya fi na maza goma da na sani," in ji shi. "Ƙafafun ne na banza. Kina hawa kamar kina ba falwaya haƙuri. Ki zo Asabar."

Wata biyar tana zuwa. Shi ya cike mata fom na uku, don ta ce akwatunan nan na rubutu rikita ta suke yi. Irinta suna da yawa a garin nan, wasu ma sun manta.

Kai ne mai gadin ƙofar da ba ya sayuwa, Don Evaristo. Kai ne kake rufe ta ranar jarrabawa, ka buɗe taga ranar Asabar. Da iyakar labarinka ke nan, da yabonka ya yi sauƙi.

Shekara tara da suka wuce ya miƙa tasa takardar gadon. Ɗa ɗaya gare shi, Leonel, mai shekara ashirin da shida a lokacin, yana tuƙa motar ƙanƙara a tashar jiragen kifi, matarsa da ciki wata bakwai. Evaristo ya nemi a kawo wani daga wani reshe ya yi jarrabawar ranar. Fidencio ya ce, "Wa zai zo daga nesa don aikin minti goma? Yi abinka, ba wanda zai zarge ka da son kai. Kai fa Waliyyi ne."

Griselda tana tebur na kusa ranar, zuwanta na uku ke nan, kuma ta ga komai. Leonel ya hau falwaya kamar a kanta aka haife shi. Ya ci lissafi. Takardar likita ta ce idonsa lafiya lau, don likitan haruffan jikin bango kawai yake nunawa. Sai aka zo kiran launi. Uban ya tsaya a gefe yana kira yadda abokin aiki zai kira, ɗan yana ɗaga abin da aka kira.

"Fari da shuɗi." Daidai. "Rawaya da ruwan toka." Daidai. "Ja da kore." Daidai, amma sai da ya ɗan jinkirta, kuma Evaristo ya ga leɓɓansa suna motsi. Ƙirga yake yi. Ya haddace jerin da ubansa yake shimfiɗa wayoyin, daga hagu zuwa dama, ta wani guntun kebur da ke gida.

Zagaye na biyu kuwa Evaristo yakan cakuɗa wayoyin ne, ga kowa, tun ranar da ya fara aikin. Ya kai hannu kan teburin. Griselda ta ce hannun ya daɗe a tsaye a sama.

"Baba," in ji Leonel ƙasa-ƙasa, "bar su yadda suke."

Ya cakuɗa.

"Ja da kore."

Leonel ya ɗaga ja da ruwan ƙasa.

"Sake dubawa. Ja da kore."

Ya ajiye, ya ɗauki wata, ya mayar, ya sake ɗaga ta farkon. Evaristo ya zaro kore da ruwan ƙasa ya haɗa su a gaban fuskar ɗansa.

"Wannan da wannan, ɗaya ne a idonka?"

"Kusan ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ni, Baba. Tambayi Mama."

Fidencio ya tare Evaristo a baranda kafin ya rubuta komai, ya kama shi a gwiwar hannu.

"Kompadire, saurare ni. Sa hannu. Ya lallaɓa shekara ukun nan, ni da kaina zan mai da shi sito, ba zai ƙara taɓa waya ba har ya tsufa."

"Shekara uku a rami. Ɗan wa zai tsaya a ɗaya bakin?"

"Za mu haɗa shi da mai haƙuri."

"Za ka gaya wa mai haƙurin?"

Fidencio ya sake shi. "Ka san takardar nan ba ta dawowa. In ka ƙone ta, ta ƙonu. Matarsa na da ciki, Evaristo! Ni na riƙe yaron nan a coci, kai kana can kana gyaran layi, sai da aka kusa gamawa ka shigo da ɗamarar aiki a ƙugu. Yau ɗaya ka zama uba mana!"

Evaristo ya koma ciki ya rubuta kalma uku da ya saba rubutawa: bai ci ba. Gurbin Leonel ya koma wa 'yan layi, ya faɗa kan ta goma sha uku a jerin sakamako. Griselda ce. Evaristo bai san haka ba sai washegari, don ba shi ke haɗa jerin ba.

Da ya tsallaka gida da yamma, matarsa Otilia tana tsinke wake a ƙofar kicin. Ba ta ɗaga kai ba.

"Kin sani," in ji shi.

"Ni nake ware masa riguna tun yana firamare."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Don na san ka. Da na faɗa, ko fom ba za ka bari ya cike ba. Na ce in ka gan shi tsaye a gabanka, jininka, hannunka zai yi abin da bakinka ba zai iya ba."

"Kin yi caca da yaron nan, Otilia."

"Da kai na yi caca," in ji ta. "Na kuma faɗi."

Kafin wata ya ƙare Leonel ya kwashe matarsa sun tafi Monterrey, bai yi wa ubansa sallama ba. Da aka haihu Otilia ta bi su, wai za ta yi kwana arba'in ɗin jego ta dawo. Har yau tana can. Ba saki, ba faɗa. Takan aiko da gaisuwa, ta tambaya ko yana shan maganin hawan jini. Gidan ƙetare ya zama na mutum ɗaya da kofi ɗaya da faranti ɗaya. Fidencio ma tun ranar bai ƙara ce masa kompadire ba, sai Malam Olvera.

A nan ne mai son yabo zai tsaya ya yi tunani. Wasu a ƙungiya har gobe suna cewa sunansa ya fi so a kan ɗansa: bayan ya kayar da 'ya'yan mutane shekara goma sha biyu, ba zai iya jure a ce ya ɗaga wa nasa ƙafa ba. Zai yiwu akwai wannan a ciki. Ba a feɗe zuciyar mutum kamar kebur a ware mai kyau gefe, marar kyau gefe. Shi kansa da Griselda ta taɓa tambayarsa, cewa ya yi, "Na tambayi kaina sau dubu, amsar kullum daban." To idan da girman kai a cikin abin da ya yi, ya ɓata shi ke nan? Mutanen da suka shiga rami cikin shekarun nan suka fito lafiya, suka koma gida suka ci abinci, ba su san an taɓa yin wata shawara a kansu a baranda ba. Ba za su taɓa gode masa ba, don abin da ya hana faruwa ba shi da suna, ba shi da rana. Leonel kuwa yana da suna, yana da fuska, kuma shi ne ya biya. Gaskiyar da mutum zai biya da jikinsa mun san yadda ake yabonta. Wadda wani zai biya masa fa? Babu amsar da za ta kwantar da hankali a nan. Abin da kawai ya tabbata shi ne, ko ya sa hannu ko bai sa ba, akwai wanda za a zalunta, kuma ya zaɓi wanda zai iya kallonsa ido da ido ya tsane shi.

Litinin ta farko bayan ritaya, ya shiga jirgin fito kamar kullum, amma bai nufi ofis ba. Tashar mota ya je. Awa bakwai ya yi a hanya, ya sauka a Monterrey bayan azahar, ya nemi wani shagon faci a bakin babban titi. Leonel yana durƙushe yana cire tayar wata babbar mota, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefen kunne. Ya ɗago, ya ga mai tsayuwar, ya miƙe yana goge hannu da tsumma.

"Mama ce ta ba ka kwatance?"

"Shekara tara da haddace shi."

"To. Ka zo ka ce ka yi kuskure?"

"A'a."

Leonel ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Awa bakwai a mota don ka ce mini a'a. Me ya kawo ka, tsoho?"

"In aka sake ajiye mini takardar nan yau, ba zan sa hannu ba. Ba zan yi maka ƙarya don in samu kujera a gidanka ba." Ya gyara tsayuwa saboda gwiwar. "Abin da ya kawo ni daban ne. Shekara ashirin da shida kana gidana. Na san idon 'ya'yan mutane ɗari-ɗari, ban san naka ba. A gaban mutane na gano, a gaban mutane na kayar da kai. Da na taɓa zama na dube ka, da ba ka shiga ɗakin nan ba, da mun nemi wata hanya tun da wuri. Wannan laifina ne, ba naka ba, ba na uwarka ba."

Motoci suna ta wucewa. Leonel ya cusa tsumman a aljihu.

"Ina aji uku malamar zane ta aiko da wasiƙa gida," in ji shi. "Na yi wa bishiya ganye ruwan ƙasa, yara suka yi ta dariya. Lokacin guguwa ce, kwana goma sha biyu ba ka shigo gida ba. Mama ta ce kada mu dame ka."

Evaristo ya gyaɗa kai.

"Ban yafe ba fa," in ji Leonel.

"Ban roƙa ba."

"Motarka ta ƙarfe nawa?"

"Huɗu."

Leonel ya dubi tayar da ke jiransa, ya dubi tsohon, da jakar fatarsa da takalmansa da ya goge tun safe.

"Akwai wata gobe da hantsi," in ji shi. "Doguwar kujera ce kawai a falo, kuma Mama za ta yi ta mita. Riƙe mini sifana ɗin nan in gama."

Kwana ɗaya ya yi. Ya ga jikarsa a karo na farko, 'yar shekara tara, wadda ta gaishe shi kamar baƙo. Washegari ya dawo Tampico shi kaɗai, ya tsallaka kogi, ya buɗe gidansa. Ba a yi masa alkawarin komai ba, shi ma bai tambaya ba.

Mun gode, Don Evaristo. Mun gode a madadin waɗanda suka tsaya a ɗaya bakin waya ba su san kai ne ka tsare su ba, da 'yan layi marasa kowa da ka buɗe wa ɗaki ranar hutunka. Mun gode kuma da wannan tafiya ta awa bakwai, wadda ta fi duk jarrabawar da ka taɓa shiryawa wuya, da ka tsaya gaban ɗanka ka ɗauki naka laifin, ba ka kuma janye gaskiyarka don a ji tausayinka ba. Ga wanda zai gaji kujerarka, da duk wanda aka ba alƙalami a kan rayuwar wasu, ku yi koyi da shi: in ranar ta zo, kada ku sa hannu a kan abin da idonku ya ga ba haka ba ne. Amma kada ku jira ranar. Yau in kun koma gida, ku zauna ku dubi 'ya'yanku da kyau.